Kafin Ka Sayi Na'urar Ajiyar Kirifto: Jagora Ga Mazauna Saudiyya

Wani yaro da muka zauna gida ɗaya da shi a Jidda, direban wani gida ne, ya shekara uku yana matse bakin aljihu. Duk ƙarshen wata idan an biya shi, sai ya cire na abinci da na katin waya, ya tura wa mahaifiyarsa nata, ragowar ya sayi USDT, wani kuɗin kirifto da ke bin darajar dalar Amurka, ya ajiye a walat ɗin wayarsa, wato manhajar ajiyar kirifto. Burinsa fili a bayan garin Kano. Wata rana da asuba ya tashe ni, hannunsa na rawa, ya miƙo min wayar. Babu ko sisi. Da muka bi diddigi, ashe kalmomin sirrin walat ɗin, waɗanda duk mai su zai iya kwashe kuɗin, hoto ya ɗauke su ya bari cikin wayar, kuma kwana biyu kafin nan ya sauke wata manhaja da aka turo a wani zaure, wai tana raba kyautar kuɗi. Ya dube ni ya ce, "Yaya, yanzu wa zan kai wa ƙara?" Na yi shiru, domin babu wanda zai kai wa.

Tun daga ranar, duk ɗan'uwan da ya ce min yana tara kirifto, ba na rabuwa da shi sai mun yi maganar na'urar ajiya.

Ga abin da take yi. Kuɗinka ba ya cikin wayarka, ba kuma zai taɓa shiga cikin na'urar ba. Yana rubuce a kundin bulokcen, wanda dubban kwamfutoci a duniya ke riƙe da kwafinsa. Abin da ke hannunka mabuɗi ne, wata doguwar lamba ta sirri wadda da ita ake sa hannu a motsa kuɗin. Idan mabuɗin yana cikin waya, to yana kwana ɗaki ɗaya da duk wata manhajar da ka sauke da duk wani saƙon da ka taɓa. Idan kuɗin yana kasuwar musaya, wato kamfanin da ake saye da sayar da kirifto a shafinsa, mabuɗin ma a hannunsu yake, kai alkawari kawai ka riƙe. Waɗanda suka bar dukiyarsu a Mt. Gox ta Japan a 2014, da FTX a Nuwamban 2022, sun kwana da lambobi a fuskar waya, suka wayi gari ƙofa a rufe. Mu 'yan Najeriya ma mun ɗanɗani ƙaramin salonsa a Maris ɗin 2024, lokacin da Binance ta daina hulɗa da naira, mutane suka shiga neman hanyar fita. Na'urar ajiya ƴar ƙaramar kwamfuta ce mai aiki ɗaya: ta ƙirƙiri mabuɗin a cikinta, ta hana shi fita, ta sa hannu a ciki, sannan ta miƙa wa waya sa hannun kaɗai.

Magana ɗaya kafin mu shiga ciniki, domin mu baƙi ne a ƙasar nan. A Agustan 2018 wani kwamitin gwamnatin Saudiyya da babban bankin ƙasar ke ciki ya yi gargaɗi cewa ba a amince da waɗannan kuɗaɗe a masarautar ba, kuma babu wanda aka ba lasisin kasuwancinsu. Ma'aikatar kuɗi ta sake gargaɗin a 2019. Ka bi sanarwar hukuma ta lokacin da kake ciki, kuma kada ka mayar da kanka ɗan canji kana karɓar riyal ɗin mutane a asusunka na banki kana ba su USDT, domin igamarka, wato katin izinin zamanka, ta fi ribar nan daraja. Ta fuskar addini malamai sun saɓa kan kirifto. Ka tambayi malamin da ka yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa.

Mataki na farko: ƙirga abin da kake da shi

Ɗauki takarda ka rubuta abu uku: nawa ne, wane irin kuɗi ne, a kan wane layi yake.

Na'urori masu sauƙin kuɗi irin Ledger Nano S Plus da Trezor Safe 3 sun fito kasuwa a kan dala 79, wato kusan riyal 300, tunda dala ɗaya riyal 3.75 ce. Ledger Nano X ta taɓa kaiwa dala 149. Ka ɗora kuɗin aiko da harajin kashi 15 cikin ɗari. A ganina, wanda ajiyarsa ba ta kai ninki goma na kuɗin na'urar ba zai iya dakatawa, ya gyara tsaron wayarsa tukuna. Haka wanda yau ya saya gobe ya tura gida. Kuɗin da ke wucewa ba ya buƙatar rumbu. Amma idan kana tara na fili, ko na aure, ko jarin komawa gida, kada ka ƙara wata ɗaya.

Maganar layi ita ce inda mutanenmu suka fi tuntuɓe. USDT ɗaya ce a suna, amma tana tafiya a kan layuka daban-daban. Wadda muka fi amfani da ita ta layin Tron ce, adireshinta yana farawa da harafin T. Ta layin Ethereum adireshinta yana farawa da 0x. Ba kowace na'ura ce ke ɗaukar kowane layi ba. Coldcard ta kamfanin Coinkite na Kanada na'ura ce mai ƙarfi ƙwarai, amma Bitcoin kaɗai ta sani, idan ka saye ta don USDT ka yi asarar kuɗinka. Ledger tana ɗaukar Tron. Kowace ka nufa, shiga shafin kamfanin, nemi jerin kuɗaɗen da take ɗauka, ka ga sunan kuɗinka da layinsa da idonka, ka kuma duba ko manhajar kamfanin ce ke sarrafa shi kai tsaye ko sai ka haɗa da wata. Ka sani kuma, fitar da USDT a layin Tron yana cin ɗan TRX, wato kuɗin layin Tron ɗin kansa, don haka ka ajiye kaɗan a adireshin, in ba haka ba ranar da kake gaggawa kuɗi zai ƙi tashi. Sannan na'ura tana tsare mabuɗi ne kawai. Ba ta hana farashin Bitcoin faɗuwa, ba ta kuma hana kamfanin Tether, mai fitar da USDT, daskarar da ita a adireshin da hukumomi suka yi ƙorafi a kansa, domin yana da wannan ikon kuma yana amfani da shi.

Mataki na biyu: dubi wayarka

Yawancinmu ba mu da kwamfuta. Mai Android yana da sauƙi, domin yawancin na'urorin suna haɗuwa da ita ta igiyar USB-C. Mai iPhone sai ya lura: Nano S Plus ba ta aiki da iPhone, sai Nano X mai Bluetooth, ko irin Keystone da ke magana da waya ta hoton lambar QR, ko katin Tangem da ake kara shi a bayan waya. Duk mai batir kuma ka tuna da zafin ƙasar nan. Wanda ya taɓa barin waya a mota da azahar a Makka ya san abin da nake nufi. Na'urar da za ta yi wata shida a akwati ba a taɓa ta ba, gara marar batir.

Mataki na uku: kada ka sayi marar fuska

Nan zan tsaya, domin shi ne zuciyar al'amarin. Akwai ƙwayoyin cutar waya da aikinsu kawai su jira ka kwafi adireshi, idan ka zo liƙawa su musanya shi da na ɓarawo. Akwai kuma masu turo maka ɗan kuɗin da bai kai halala ɗaya ba daga adireshin da farkonsa da ƙarshensa suka yi kama da na wanda ka saba tura wa, don gobe ka kwafo nasu daga tarihin cinikinka. Wayarka za ta iya nuna maka abu ɗaya alhali wani abu daban take miƙa wa na'ura. Fuskar na'urar ce kaɗai shaidar da ba a saye ba. A kanta za ka ga ainihin adireshin da ainihin adadin kafin ka danna maɓalli.

Kada ka ɗauka wannan matsalar ƙananan mutane ce. A ranar 21 ga Fabrairun 2025 aka kwashe wa kasuwar Bybit, mai hedikwata a Dubai, kirifto na kusan dala biliyan ɗaya da rabi. Manyan ma'aikatanta ne da kansu suka sa hannu, domin an gurɓata shafin da suke kallo a kwamfuta, ya nuna musu tura kuɗi na yau da kullum alhali abin da suke amincewa da shi daban ne. Cinikin biri a sama ke nan. Don haka ka nemi na'urar da rubutunta ya ishe ka karantawa. Idan idonka ya fara rauni, ƙara kuɗi ka sayi mai babbar fuska, ya fi maka alheri a kan ka riƙa dannawa kana cewa Allah ya kiyaye. Katin Tangem yana da daɗin sha'ani, ba batir, ba igiya, ana sayar da shi biyu ko uku a haɗe, kuma ya fi walat ɗin waya tsaro nesa ba kusa ba. Amma ba shi da fuska, da wayarka kake gani. Ni dai ba zan ɗora masa kuɗin fili ba.

Mataki na huɗu: wa ka yarda da shi?

Manyan gidajen biyu kowanne da tafarkinsa. Trezor, ta kamfanin SatoshiLabs da ke Firag a ƙasar Cek, ita ta fara fito da irin wannan na'ura a 2014, kuma manhajarta a buɗe take, duk masanin da ya ga dama zai iya karanta ta ya nemo kuskure. Ledger ta Faransa ta dogara da wani cif na musamman irin na katin banki da fasfo, wanda aka gina don ya jure wa mai buɗe shi da kayan aiki, amma wani sashe na manhajarta a rufe yake.

Kowanne ya taɓa jin jiki. A farkon 2020 masu bincike na kasuwar musaya ta Kraken suka nuna cewa wanda ya riƙe tsohuwar Trezor One ko Model T a hannunsa, da kayan aiki da sani, zai iya zaro kalmomin sirrin cikin kusan minti 15. Daga Safe 3 ta 2023 ne Trezor ta sa cif ɗin tsaro. Ita kuwa Ledger, a Mayun 2023 ta sanar da wani tsari na biyan kuɗi mai suna Recover, wanda ke raba mabuɗin gida uku a ɓoye ya ajiye wurin kamfanoni uku. Ba dole ba ne, sai wanda ya nema, amma mutane suka fusata domin sun gane cewa manhajar na'urar za ta iya fitar da mabuɗi idan an rubuta ta ta yi hakan. Akwai kuma BitBox02 ta Suwizalan, wadda ta haɗa buɗaɗɗiyar manhaja da cif ɗin tsaro.

Ga hukuncina ga irinmu. Mu masu kwana mutum huɗu ko shida a ɗaki, masu barin akwati mu fita aiki tun safe, haɗarin wani ya riƙe na'urarka a hannu ba tatsuniya ba ne. Don haka kada ka sayi wadda ba ta da cif ɗin tsaro, kome arharta. Bayan wannan sharaɗin, tsakanin sanannun gidajen nan, bambancin bai kai girman kuskuren da mai na'ura ke yi da hannunsa ba.

Mataki na biyar: inda za ka saya

Daga shafin kamfanin, ko daga dillalin da sunansa ke cikin jerin amintattun dillalai a shafin kamfanin. Shi ke nan. Kada ka saya a haraj, wato kasuwar gwanjo, kada ka sayi ta hannu, kada ka karɓa kyauta, kada ka ba wani sautu daga wurin da ba ka sani ba. A manyan kasuwannin intanet irin Amazon da Noon ka duba sunan mai sayarwa, domin ba duk kayan da ke ciki ne na kamfanin ba, akwai masu shaguna da yawa a ƙarƙashinsu. Araha ba ta ado, a nan kuwa tana iya cinye gumin shekara uku.

Dabarar mayaudara ita ce su buɗe na'ura, su kunna ta, su rubuta kalmomin, su sa wani kati mai kyau a kwalin da aka buga kalmomin a jiki, wani lokaci har da azurfar kankarewa irin ta katin waya, su mayar da leda. Kai kuma ka zuba kuɗi a asusun da su ma suke da mabuɗinsa. Ka riƙe wannan: na'urar gaskiya ba ta zuwa da kalmomi, ba ta zuwa da lambar sirri. Takardar rubutun da ke cikin kwalin fara ce fat.

Ka kuma kula da bayanan da kake bayarwa. A 2020 an sace bayanan masu sayayya na Ledger, adireshin imel kusan miliyan ɗaya, sannan sunaye da lambobin waya da adireshin gida na mutum kusan 272,000 suka bazu a intanet. Ba a taɓa kuɗin kowa ta na'ura ba, amma aka yi ta damun mutane da saƙonnin ƙarya, har aka aika wa wasu jabun na'urori ta gidan waya da wasiƙar cewa su sauya. Buɗe sabon imel don wannan sayayyar kaɗai. Idan akwai wurin karɓar saƙo, karɓa a can. Idan mandub, wato mai kawo saƙo, ya kawo, kada ka buɗe kwalin a tsakar gida yara da manya suna leƙe. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Mataki na shida: kunnawa da gwaji

Zaɓi lokacin da kake kai kaɗai. Rubuta adireshin shafin kamfanin da hannunka ka sauke manhajarsa daga nan, kada ka bi talla ko mahaɗin da wani ya turo. Manhajar za ta gwada na'urar ta tabbatar ta asali ce. Trezor tana zuwa babu manhaja a cikinta, kai za ka ɗora a karon farko. Idan ka tarar an riga an ɗora, mayar da ita.

Sa lambar sirri wadda ba shekarar haihuwarka ba, ba kuma ƙarshen lambar igamarka ba. Ledger tana goge kanta bayan kuskure uku, Trezor Safe 3 bayan 16. Daga nan na'urar za ta nuna maka kalmomi ɗaya bayan ɗaya a fuskarta, 12 ko 24, an tsamo su daga wani jeri na kalmomin Turanci 2,048 da ake kira BIP39. Sababbin Trezor suna fara miƙo tsarin kalmomi 20, wanda ba kowane kamfani ke karɓa ba. Ni na fi son na 12 ko 24, domin idan na'urar ta lalace kana Kano ko Zinder, kusan kowace iri ka samu za ta karɓe su. Rubuta da biro, da lamba a gefen kowace kalma, domin jerin yana da muhimmanci. Wanda Turanci bai zauna masa ba ya bi harafi-harafi, kada ya rubuta yadda ya ji a kunne.

Yanzu sai gwajin da mutane ke tsallakewa. Tura kamar na riyal 50 zuwa sabon adireshin, bayan ka gwada adireshin da ke waya da wanda ke fuskar na'urar. Idan ya shiga, goge na'urar gaba ɗaya, ka dawo da ita da kalmomin da ka rubuta. Ka ga kuɗinka ya dawo? To rubutunka daidai ne. Sannan ka fitar da rabinsa, don hannunka ya saba da turawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sai bayan wannan za ka kwaso babban kuɗin, shi ma kashi-kashi.

Mataki na bakwai: kalmomin nan su ne dukiyar

Na'ura ta ɓata, ta faɗa ruwa, an sace ta, duk da sauƙi muddin kalmomin suna nan. Wanda kuma ya ga kalmomin ba ya buƙatar na'urarka ko lambarka. Kada ka ɗauke su hoto, kada ka tura wa kanka a WhatsApp, kada ka buga su a waya ko kwamfuta ko da sau ɗaya. A jikin na'urar kaɗai ake shigar da su. Duk wanda ya kira ko ya rubuto ya ce shi ma'aikacin kamfani ne yana son su don ya gyara maka asusu, ɓarawo ne, ko da ya yi maka sallama da Hausa.

Ina za a ajiye su? Nan rayuwar baƙo ta bambanta da ta mai gida. Waɗanda suka ga ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009 sun san abin da ruwa ke yi wa takarda. Waɗanda rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya tasa daga Gulail da Sabil da Kandara sun san yadda ake haɗa kayan shekara ashirin cikin ƴan kwanaki, abin da ya ɓata ya ɓata. Ga kuma wanda aiki ya ƙare masa ba shiri, ko aka mayar da shi gida da kayan jikinsa. Saboda haka kwafi ɗaya bai isa ba. Yi biyu, aƙalla ɗaya a kan farantin ƙarfe marar tsatsa da ake buga haruffa a jiki, wanda wuta da ruwa ba sa ci. A tsarin BIP39 haruffa huɗu na farkon kowace kalma sun isa a gane ta. Ɗaya ya zauna tare da kai, amma ba a jaka ɗaya da na'urar ba. Ɗayan ka kai gida da hannunka idan ka je hutu, a rufe, wurin wanda ka yarda da amanarsa. Kada ka ba alhazai ko masu Umara saƙonsa. Kada kuma ka yanka jerin biyu ka ce rabi nan rabi can, domin rabi ɗaya ya ɓata ka rasa duka.

Idan hankalinka bai kwanta da barin kalmomin a hannun wani ba, akwai abin da ake kira kalma ta 25. Wata jimla ce da kai za ka ƙirƙira ka ɗora a kan kalmomin, sai ta buɗe wani asusu daban wanda mai kalmomin kaɗai ba zai gani ba. Kariya ce mai ƙarfi, amma ba ta yafiya: harafi ɗaya ya sauya, ko babba ya zama ƙarami, wani asusun za ta buɗe maka, fanko, kuma babu kamfanin da zai dawo maka da ita. Kada ka fara da ita. Ka yi wata biyu kana amfani da na'urar tukuna, kuma idan ka sa ta, rubuta ta ka ajiye a wuri na uku.

Saura maganar da ba ma son yi. Da yawa cikinmu iyalinmu suna gida, ba su san ma muna da wannan ajiyar ba. Idan ta Allah ta kasance, banki yana da hanyar da magada za su bi, bulokcen kuwa ba ya karɓar takardar kotu, haƙƙin marayu sai ya zauna a kundin har abada ana ganinsa ba a iya taɓawa. Hadisin Ibn Umar da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya hore mu kada mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba. Rubuta takarda da Hausa ko da ajami, yadda matarka ko babban ɗanka zai gane: akwai ajiya iri kaza a layi kaza, farantin yana wurin wane, kalma ta 25 tana wuri kaza, ga sunan mutumin da ya san harkar da za a kira ya zauna tare da su, kuma kada a miƙa masa kalmomin ya tafi da su, a gabansu zai yi komai. Idan akwai kuɗin wani a ciki, rubuta sunansa da adadinsa. Kalmomin kansu kada su shiga wannan takardar. Duk shekara, ni nakan yi bayan Sallar Layya idan aiki ya lafa, ka ciro na'urar, ka sabunta manhajarta daga shafin kamfanin, ka duba farantin yana nan, ka gyara adadin da ke cikin wasiyyar.